Dokin Ƙofar da Babu Shi

Daga ranar da aka kammala gyaran Gidan Zane na Damagaram, inda ake ajiye kayan tarihi, sata ta ƙare a cikinsa har abada. Wannan ba zato ba ne. Darakta Mahamud ne ya bayyana haka ranar Laraba a gaban 'yan jarida, yana nuna musu kamera goma sha biyu, da injin sanyi, da akwatunan gilashi, da farin karo, wato tayil, da aka shimfiɗa a daɓe inda dā yashi yake.

"Ko ƙuda ya shiga gidan nan," in ji shi, "sai mun san sunan ubansa."

Ranar Juma'a, tsakanin huɗuba da sallama, aka sace Ayari.

Ayari wata babbar jar fata ce, wadda marigayi Kassim Baduku ya shekara uku yana ɗinka mata raƙuma da fatake masu shigowa Zango. Ita ce abin da baƙi ke zuwa gani, ita ce kuma a jikin takardar gayyatar da aka aika wa minista, wanda zai zo buɗe gidan ranar Alhamis. Kamerorin nan goma sha biyu duk suna kallonta lokacin da aka ɗauke ta. Ba su ce komai ba, domin mai haɗa musu waya bai iso daga Yamai ba tukuna.

Kafin magariba Birni ya gama shari'a. Masu shayi sun ce ɗan kwangila ne. Matan unguwa sun ce aljanun gidan ne, tun da an rushe musu bango ba a yi musu sallama ba. 'Yan sanda, da ba su da izinin kama ɗan kwangila ko aljani, suka kama wani magini mutumin Hamdara mai suna Sama'ila, wanda ba a gan shi a masallaci ba.

*

Ranar Lahadi da hantsi Komiser Hamisu, shugaban 'yan sanda, ya tsayar da mota a wani lungu na unguwar Zango, ya yi sallama a ƙofar Ba Kyari.

Ba Kyari babarbare ne, dogo, ya ba saba'in baya. Ya yi rabin rayuwarsa yana bin sawun ɓarayin shanu tare da jandarma, daga Gaffati har bakin iyaka, kuma ba a taɓa jin ya nuna ƙafar da ba ita ba. Da gwiwa ta gaji, ya zama mai gadin Gidan Zane shekara goma sha tara. Dabararsa ɗaya ce: kowace yamma sai ya share yashin da ke kewaye da gidan ya yi sumul, da safe ya karanta. Ko mage ta wuce ya san inda ta nufa. Wata uku da suka wuce aka sallame shi, shi da tsintsiyarsa, aka ba shi takardar yabo mai hatimi biyu. Matarsa ta rasu tuntuni, 'ya'yansa suna Agadas suna kiran waya da sallah. Yanzu yashin ƙofar gidansa yake sharewa, kodayake babu abin karantawa a ciki sai kaji.

"Ba Kyari, mun zo neman taimako."

"Ai na ji kuna da idanu goma sha biyu. Me za ku yi da nawa biyu, ɗaya ma da yana?"

"Kai dai baba, a bar tone-tone. Darakta ya riga ya buga waya Yamai ya ce ɓarawo yana hannu. Ɓarawon kuwa ban da kuka babu abin da ya ba mu."

"Fatar fa?"

"Da muna da ita, da ka gan ni?"

Ba Kyari ya shiga ɗaki ya ɗauko hularsa. Bai nuna ba, amma ya ji daɗi. Rabon da a yi sallama a ƙofar nan har ya manta.

*

Bai gane gidan ba. Dā in ka shiga, zaure ne mai duhu, sai bango mai kauri, sai wata 'yar ƙofa a gefen dama wadda dole ka sunkuya kafin ka shiga ɗakin fata. Yanzu an rushe bangon, an haɗe ko'ina ya zama fili ɗaya fari fat, mai sanyi kamar ɗakin ajiye gawa. Darakta ya ce haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba, domin ido ya sha iska.

Ƙurar filasta da aka goge daga rufi ta kwanta a kan karon, don injin shara shi ma yana hanya. Wannan ne kaɗai alherin da zamani ya yi wa Ba Kyari. Amma daga ƙofa zuwa akwatin da babu komai a ciki, 'yan sanda da 'yan jarida da 'yan kallo sun tattake wurin kamar kasuwar dabbobi.

"To, malam mai duba," Darakta ya ce yana kallon agogo, "me ƙasa ta gaya maka?"

"Ta ce mutane da yawa sun zo ganin abin da babu."

"Shi ke nan?"

"Sawu ba ya magana da tsakar rana, Mushe Darakta. Sai rana ta karkata. A rufe min wurin nan, kada kowa ya shiga."

*

Sama'ila yana zaune a ƙasa a komisariya, leɓensa a kumbure. Ba Kyari bai dubi fuskarsa ba, ƙafafunsa ya duba: manya, siminti ya tsattsaga su.

"Me ya hana ka masallaci?"

"Baba, wandona ne. Ɗaya gare ni a garin nan, na wanke bai bushe ba. Ina bayan gini na ɗaura buhu. Na gaya musu, suka ce in kawo shaida. Wa zan kira ya shaide ni cikin buhu?"

"Ba ka ga kowa ba?"

"Mai buhu yana neman ganin mutane? Baba, damina ta kusa. In ban koma Hamdara na yi shuka ba, 'ya'yana biyar sai dai su ci siminti."

Daga nan Ba Kyari ya hau kabu-kabu zuwa shagon Ado, dillalin kayan dā, wanda ke binne sababbin takubba a bayan gida wata shida su fito da shekara ɗari biyu.

"Ba Kyari! Ashe kana raye? Zauna, zauna. Ni da Ayari? Haba. Wa zan sayar wa? Turawan da ke saye sun daina zuwa. Kuma abin gaske wahala gare shi, kowa ya san shi. Ni na fi son na ƙarya, ba mai nemansa."

"Ina kake ranar Juma'a?"

"Sahun farko, bayan liman. Mai sana'a irin tawa ba ya wasa da sahun farko."

Ta ukun ita ce Ramlatu, ƙaramar ma'aikaciya a gidan, mai digiri, wadda mabuɗan ke hannunta. 'Yar marigayi Kassim ce, shi wanda ya ɗinka fatar. Ba Kyari ya san ta tun tana 'yar yarinya tana wasa a yashinsa tana ɓata masa karatu.

"Baba, wallahi mabuɗan suna jakata. Na duba da yamma, suna nan cif."

"Jakar tana ina da azahar?"

"A gida, a rataye. Na kwanta ciwon kai."

"Akwatin fa, yaya aka buɗe shi?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba shi da baya. Gaba kawai aka kawo, an jingina shi da bango. An ce bayan zai zo da kamfani na biyu." Ta share ido da gefen mayafi. "Darakta ya ce in aka gano da mabuɗina aka shiga, in manta da aikin gwamnati har na mutu. Shekara shida na yi ina jiran aikin nan, Baba."

*

Da la'asar sakaliya ya koma shi kaɗai, ya kashe fitilu, ya buɗe tagar yamma. Rana ta shigo a kwance, kowane ɗan tabo a ƙurar ya yi inuwa. Ya tsuguna.

Can gefe, inda 'yan kallo ba su bi ba, akwai sawu ɗaya da ya fito daga ƙofar baya. Silifa ne ƙanana. Daga ƙofar zuwa akwatin taku ashirin ne a miƙe, babu abin da ya tare hanya. Amma sawun bai miƙe ba. Ya bi gefe, ya yi tafiya a tsaye kamar mai bin jikin wani abu, ya kai tsakiyar fili, ya juya dama. Nan ya tsaya. Nan aka tuɓe silifan, aka ajiye su a jere. Sai ƙafa tsirara ta ɗaga, ta tsallake wani abu, ta sauka da nisa fiye da taku.

Ba Kyari ya daɗe yana kallon wurin da aka tsallake. Babu komai sai farin karo. Amma nan ne dokin ƙofar ɗakin fata yake, shekara da shekaru, kafin a rushe shi. Ya waiwaya ya dubi nasa sawun na yanzu: shi ma bai miƙe ba. Ya kewaye bangon da babu shi.

Mutum biyu ne a duniya ƙafarsu ke tuna bangon nan. Bai ma buƙaci ya ƙidaya yatsu ba, amma ya ƙidaya. Huɗu ne a ƙafar hagu, don ƙaramin ya hau kan ɗan'uwansa. Shekara goma sha tara wannan ƙafar ce ke fara taka yashinsa kowace safiya, kafin kowa ya ce masa ina kwana.

*

Ya Kaltuma, matar marigayi Kassim, uwar Ramlatu, ta share Gidan Zane shekara ashirin da bakwai. Rana ɗaya aka sallame su, ita ma da takardarta mai hatimi biyu. Washegari da safe, bayan Ramlatu ta fita aiki, ya same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Tun daga soro ya ji ƙamshin man shanu.

"Wa nake gani? Babarbare da sassafe, Allah ya sa ba bara ba."

"Ya Kaltuma, ina gwiwa?"

"Tana nan tana zagina. Wata uku ba ka leƙo ba, sai yau?"

"Ke ma ba ki leƙo ba."

"Ni mace ce, me zan je yi gidan gwauro?" Ta ci gaba da tsintar shinkafa. Can ta ce, ba ta ɗago ba, "A ina na yi kuskure?"

"Kin tuɓe takalmi."

"To da takalmi zan shiga wa marigayi?"

Ta tashi ta ɗaga labulen ɗaki. Ayari na shimfiɗe a kan gadonta, tana sheƙi, ja ya dawo ja, kore ya dawo kore. Ta kama hannunsa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ɗora a wuyan raƙumi na gaba. Ya ji wata tsaga a ƙarƙashin yatsansa, doguwa.

"Fata rai gare ta, Ba Kyari. Kowane sabon wata nake shafa mata mai da tafin hannu, haka ya koya min, haka ubansa ya koya masa. Wannan yaron mai igiya a wuya ya ce ƙazanta ce, ya sa ta a gilashi, ya kunna mata fitila ta sama da sanyi ta ƙasa. Ran Laraba na bi 'yan kallo na gan ta. Ta bushe kamar kilishi. Wata biyu nan gaba sai dai a share ta da tsintsiya. Na je ofishinsa sau uku, aka ce yana taro."

"Sai kika ɗauki mabuɗin yarinya."

"Tana barci. Na mayar kafin ta farka. Kwana bakwai kawai nake so, ta sha mai ta ƙoshi, in mayar musu da abinsu."

"Akwai magini a kulle, Ya Kaltuma. Sun fasa masa baki."

Ta zauna a bakin gadon. Ba ta sani ba. Ramlatu ba ta faɗa mata ba, ita kuma tun Juma'a ba ta fita ba.

"To a mayar a ɓoye. A ajiye musu a ƙofa."

"Sai su ce shi ne ya ji wuya ya aiko 'yan'uwansa. Darakta ya gaya wa Yamai akwai ɓarawo. Fata kaɗai ba ta isa ba, sai da mutum."

"Ni ce mutumin. Ɗauko min mayafi."

"In kin je, tambaya ta farko: wa ya ba ki mabuɗi?"

Ba Kyari ya naɗe fatar a hankali, ya sa ta cikin tabarma.

"Me za ka yi?"

"Aikina. Ke dai ki riƙe bakinki, ko don yarinyar. Kuma kada ki zo inda nake, kowa ya san ƙafarki."

"Kai kaɗai ka san ta, tsohon banza," ta ce.

*

Abu na farko da ubansa ya koya masa, tun yana ɗan shekara tara a bayan shanu, shi ne ba a taka sawu. Ana bin gefensa, kamar yadda ake bin gefen kabari. Da azahar ranar Litinin Ba Kyari ya shiga ta ƙofar baya, ya ɗora takalminsa a kan sawu na farko, ya murza. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A tsakiyar fili ya tuɓe, ya tsallake dokin ƙofa, ya sa babbar ƙafarsa a kan mai yatsu huɗu. Ya yi zuwa, ya yi komowa. Aikin bai ɗauki minti goma ba.

Da la'asar Komiser ya tara su kamar yadda Ba Kyari ya nema: Darakta, da ɗan kwangila, da Ado, da Ramlatu, da Sama'ila da ankwa a hannu. Ba Kyari ya buɗe tagar yamma.

"Ku dubi nan. Wanda ya shigo bai miƙe ba. Me ya kewaye?"

"Babu komai a wurin," in ji Darakta.

"Sama'ila, da ka zo aikin nan, akwai bango a nan?"

"A'a, Baba. An rushe kafin a ɗauke mu."

"Ado?"

"Ni ban taɓa shiga gidan nan ba. In ga na gaske raina ya ɓaci?"

"Ramlatu ta san bangon tana yarinya, amma ta yi wata uku tana ratsa wurin da takalmi mai tsini, ga sawunta can ko'ina. Mushe Darakta kuwa shi ya sa aka rushe, ba zai kewaye shi ba. Wannan ƙafar tsohon ma'aikacin gidan nan ce, wanda kansa ya san an rushe bango, ita ƙafar ba a gaya mata ba."

Ya tuɓe takalmi, ya sa ƙafarsa a cikin sawun. Ta zauna daidai, kamar wuƙa a kube. Sannan ya warware tabarmar da ya jingine a bango.

Ramlatu ta dafe baki. Ƙamshin man ya isa gare ta, ƙamshin da ta kwana uku tana ji a gidansu tana cewa na miya ne. Ba Kyari ya dube ta sau ɗaya, ta gane, ta kawar da kai.

"Mabuɗi ya shekara goma sha tara a aljihuna," ya ce. "Kun yi wa ƙofar baya fenti, ba ku sake kwaɗo ba. Fatar tana mutuwa ne. In ba a shafa mata man shanu duk wata ba, kun yi gini don ajiye gawa."

"Na faɗa!" Darakta ya ɗaga yatsa. "Tun farko na faɗa, tsofaffin ma'aikata ne masu baƙin ciki da ci gaba! Komiser, ka ji da kunnenka."

Komiser Hamisu ya sa aka cire wa Sama'ila ankwa. Ya tsuguna kusa da sawun, ya daɗe. A Gaffati, yana sabon ɗan sanda, wannan tsohon ne ya koya masa bambanta sawun jiya da na yau.

"Ba Kyari," ya ce ƙasa-ƙasa, "sawun Juma'a ne wannan? Ko ƙura ba ta sauka a kansa ba."

"Idonka ya yi kyau, Hamisu. Kana da wani ɓarawon da ya fi ni?"

Komiser ya dubi Ramlatu, ya dubi maginin da ke murza wuyan hannu. Ya miƙe ya kaɗe gwiwa.

"Mu je, Baba. Ka shiga gaban mota, ba baya ba."

*

An buɗe gidan ranar Alhamis. Minista ya tsaya gaban Ayari ya yaba yadda take sheƙi, Darakta ya bayyana masa cewa aikin injin sanyi ne. Ya ƙara da cewa sabon tsarin tsaro ya kama ɓarawo cikin kwana uku, aka tafa. A taron ma'aikata na gaba Ramlatu ta kawo shawarar wani magani na musamman da masana ke shafa wa tsohuwar fata duk wata. Darakta ya amince nan take, don sunan da ta rubuta da Faransanci ne. Tana kawo shi daga gida a kwalba mai takarda.

Alƙali ya dubi shekarun Ba Kyari ya ba shi wata biyu. Ba wanda ya zo duba shi. Ya hana mutum ɗaya, sauran kuwa ba sai an hana su ba.

Ya fito damina ta sauka. Ranar da ya koma Zango ya share ƙofar gidansa da yamma, ya yi mata sumul. Da safe ya fito da buta ya tsuguna.

Akwai kaji. Akwai kuma takalmin roba irin na makiyaya, mutum biyu, da sanda, sun zo da sauri irin na wanda aka kore wa shanu. Sun tsaya daf da ƙofar. Daga gidan maƙwabci wani sawu ya fito ya same su, aka ɗan jima ana magana, don dugadugan sun nutse. Sannan takalman robar, da suka ji daga inda mai gidan ya fito, suka juya, suka nufi bakin titi, ba su yi sallama ba.

Ba Kyari ya bi su da ido har inda lungu ya karye. Na gaban yana ɗingisa ƙafar dama, kuma daga gabas suka zo, wajen Gaffati. Ya ajiye butar, ya shiga ya ɗauko tsintsiya.